Daga Mallaha zuwa Mitiga: sunaye huɗu na filin jirgi guda

A cikin wannan ɗan rubutu za mu bi tarihin filin jirgin Mitiga, wanda yake gabas da birnin Tarabulus na ƙasar Libiya, tazarar kilomita kamar 8 daga tsakiyar gari. Faransanci ya raba base aérienne da aéroport, amma Bahaushe duka "filin jirgi" yake ce musu, sai in ya so bambancewa ya ce "sansanin sojan sama". A ganinmu, wannan wuri ya fi dacewa da kalmar Hausa, domin rabuwar soja da farar hula ba ta taɓa kammala a cikinsa ba.

Sojan Italiya ne suka buɗe filin a 1923, zamanin da suke mulkin Libiya. Sunansa na farko Mallaha, kalmar Larabci mai tushe ɗaya da milh, wato gishiri, saboda tafkin gishirin da yake wurin. Wannan ne kaɗai daga cikin sunayen huɗu da ya siffanta ƙasar kanta. Sauran ukun duk sunayen mutane ne. A watan Janairu 1943 sojan Ingila suka ƙwace Tarabulus, daga nan jiragen Amurka suka fara sauka.

A 1945 Amurkawa suka raɗa masa suna Wheelus, don tunawa da wani laftanan ɗinsu da ya mutu a haɗarin jirgi a Iran cikin shekarar, wanda ba shi da wata alaƙa da wurin. Yarjejeniyar 1954 tsakanin Amurka da gwamnatin sarki Idris ta tabbatar musu da zama, bisa biyan kuɗi. Abin da ya ba sansanin daraja shi ne sararin samaniya marar hazo da kuma hamada: matuƙan jiragen yaƙin Amurka da ke zaune a Turai nan suke zuwa koyon harbi da jefa bom. Bayan juyin mulkin 1 ga Satumba 1969, sabuwar gwamnati ta nemi su tashi, suka fita ranar 11 ga Yuni 1970.

Suna na uku shi ne Uƙba ɗan Nafi'u, kuma ba baƙo ba ne ga mai nazarin tarihin Nijar: masana tarihi na Larabawa sun ruwaito cewa wannan sarkin yaƙi ya ratsa Fezzan har ya kai Kawar wajen shekarar 666. Da wannan suna Ƙaddafi ya mayar da sansanin cikin tarihin Larabawa, amma aikinsa bai sake ba. Jiragen yaƙi ƙirar Tarayyar Sobiyet ne suka maye gurbin na Amurka.

Sai a 1995 aka buɗe shi ga fasinja, aka kira shi Mitiga. Bisa ga labarin da ya yaɗu a Libiya, sunan wata yarinya ce ta unguwar da ke maƙwabtaka da sansanin, wadda jirgin Amurka ya yi ajalinta. Wato ko sunan farar hular ma zancen soja yake yi.

Shekaru da dama Mitiga yana matsayin fili na biyu. A watan Yuli 2014 faɗan ƴan bindiga ya lalata babban filin jirgin Tarabulus da ke kudu da birnin, duk zirga-zirgar fasinja ta komo nan. Ta nan ne kuma, musamman daga 2017, aka yi ta kwaso ƴan ci-ranin Nijar zuwa Yamai cikin jiragen da hukumar OIM ta yi shata. Amma a cikin harabar filin akwai kurkuku, wanda rundunar da ake kira Rada ta riƙe, kuma a Janairu 2025 kotun duniya ta La Haye ta ba da sammacin kama wani shugabansa bisa zargin azabtar da fursuna. Kafin haka, ranar 8 ga Afrilu 2019, jirgin yaƙin dakarun Halifa Haftar ya kai wa filin hari, da hujjar cewa ana amfani da shi wajen aikin soja. Hare-haren sun ci gaba, har daga watan Satumba na shekarar aka rufe filin na wasu watanni, matafiyan Tarabulus suka koma tashi daga Misrata, kilomita kamar 200 ta gabas.