Ƙunar wuta: ruwan sanyi tukuna, sannan likita

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke busawa, kowane gida a ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela yana hura wuta safe da dare. Yara suna kewaye murhu don jin ɗumi. Wasu ma suna shiga ɗaki da garwashi a kasko. A wannan lokaci ne ƙuna ta fi yawa, kuma ƙananan yara ne ta fi samu, domin fatarsu ba ta kai ta manya kauri ba. Kunun da zai ɗan ja wa babba hannu, shi ne zai saɓule wa jinjiri fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum wajen 180,000 a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu.

Mu duba tukunyar da aka sauke daga murhu. An raba ta da wuta, amma abin da ke cikinta yana ci gaba da dahuwa. Haka naman jiki yake. Ko an janye hannu daga wuta, zafin da ya shiga yana nan yana cin nama zuwa ciki. Abin da ke fitar da wannan zafi shi ne ruwan sanyi. Saboda haka aikin farko, kafin kuka da neman mai laifi, shi ne a zuba ruwa a kan wurin har minti 20.

Minti 20 ba ɗan lokaci ba ne. Ya kai tafiyar kilomita ɗaya da rabi a ƙafa. Mutane da yawa suna watsa moɗa ɗaya su tsaya, wannan kuwa bai isa ba. A ɗebo ruwan randa, ko na famfo, ko na rijiya mai tsabta, a riƙa tsiyaya shi da buta a hankali. Mun san ruwa yana da wuya a garuruwa da dama idan rani ya yi nisa. To, idan ruwan kaɗan ne, a tsoma hannun ko ƙafar cikin kwano, a sake ruwan duk lokacin da ya yi ɗumi. Ko an makara, ruwa yana da amfani har awa 3 bayan ƙunar. Kada a sa ƙanƙara, domin tana ƙara lalata fata. Idan yaro ne, a sanyaya wurin ƙunar kawai, sauran jikinsa a lulluɓe shi da zane, kada sanyin hunturu ya kama shi.

Ana cikin zuba ruwa sai a cire zobe da awarwaro da duk abin da ya matse wurin, tun bai kumbura ba. Rigar da ta jiƙe da ruwan zafi ko kunu a tuɓe ta nan da nan. Amma tufan da ya manne da nama, a bar shi, ma'aikacin lafiya ne zai cire.

A nan ne muke da magana da iyayenmu mata da kakanni. Da zarar yaro ya ƙone, kowa yana kawo nasa maganin: wannan man ja, wancan ɗanyen ƙwai, wani toka ko gishiri, wani man goge baki, har da baƙin man mota da kashin shanu. Duka da kyakkyawar niyya ake yi, amma babu ɗaya da ke fitar da zafi. Mai yana rufe zafin a ciki. Toka da kashin shanu kuwa suna kai ƙazanta cikin nama, gyambo ya ruɓe, wani lokaci har ya jawo tetanos, ciwon nan da ke sandarar da jiki. Kuma idan an je likita, sai an wanke duk abin da aka shafa kafin a ga zurfin ƙunar, mai ciwo ya sha azaba sau biyu. Bororon da ya taso da ruwa a ciki kada a fasa shi. Rufi ne da jiki ya yi wa kansa. A rufe wurin da ƙyalle wankakke mai tsabta, ba tare da ɗaurewa tamau ba. Kada a sa auduga, tana mannewa.

Wace ƙuna ce ba ta zaman gida? Ma'aunin yana hannun mai ciwon: idan wurin ya fi tafin hannunsa faɗi, a tafi likita. Haka kuma idan ƙunar tana fuska, ko hannu, ko ƙafa, ko al'aura, ko kan gaɓa. Jinjiri da tsoho da mai ciki, a kai su ko da wurin ƙarami ne. Wadda ta fi ruɗin mutane ita ce ƙunar da fata ta yi fari ko baƙi, ta bushe, kuma ba ta zafi. Sai a ce da sauƙi, alhali ita ce mafi muni, jijiyoyin da ke jin zafi ne suka mutu. A fara da gidan likita mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura gaba, kamar asibitin Ƙonni, ko na Galmi inda ake aikin tiyata, ko na Tawa. A hanya, idan mai ciwo yana cikin hankalinsa, a riƙa ba shi ruwa kaɗan kaɗan. Mai shan nono a ci gaba da ba shi.

Wanda tufansa ya kama wuta kada ya gudu, gudu yana hura ta. Ya kwanta ya yi ta birgima, a rufe shi da bargo mai kauri. Mai farfaɗiya da ya faɗa wuta a janye shi ba tare da tsoro ba. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta taɓa mutum ko ta yawunsa. Kuma kada a bar shi yana girki shi kaɗai.

Rigakafin a tsakar gida yake. Murhun duwatsu uku yana saurin kifar da tukunya, murhun laka mai kewaye ya fi shi tsaro, ga tattalin itace. Kasko mai suya a juya mariƙinsa wajen bango. Idan mai ya kama wuta a kasko, a rufe shi da murfi, kada a watsa ruwa. Tokar da aka kwashe a yayyafa mata ruwa kafin a zubar, domin garwashi yana ɓuya a ƙarƙashinta, yaro ya taka. Masu aikin gini su sani ɗanyen siminti ma yana cin fata, a wanke shi da ruwa mai yawa.

Sai batun fetur. Mu mutanen bakin iyaka mun saba ganinsa a kwalabe da jarkoki, har wasu suna kwana da shi a ɗaki. Tururinsa kawai yana kamawa daga nesa, ko da ashana ɗaya. A ajiye shi waje, nesa da madafa da fitila, kada kuma a zuba shi a kwalbar kananzir. Wutar fetur da yashi ake kashe ta, ruwa yaɗa ta yake yi. Idan tankar mai ta faɗi a kan hanya, a nisance ta, a kuma hana yara zuwa. A Yamai, cikin watan Mayu na 2019, mutum fiye da 50 suka rasu a wajen ɗibar man wata tanka da ta kife. A Majiya ta jihar Jigawa, cikin Oktoba na 2024, waɗanda suka rasu ta wannan hanya sun haura 150.