Gizon da Ke Maƙale a Kudancin Samaniyar Kuru

A daren da babu farin wata, cikin watan Disamba, in mutum ya hau ɗaya daga duwatsun Kuru ya ba Bukuru da Jos baya, kuma aka yi sa'a sama ta yi garau, zai hangi wani ɗan fari-fari can ƙasa-ƙasa ta kudu. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka guntun gajimare ne da damina ta manta da shi, ko hayaƙin ƙunar daji. Sai dai shi wannan iska ba ta kora shi, gobe war haka ma yana nan.

Babban Gajimaren Majelan ke nan, wanda ya ci sunan matuƙin jirgin ruwan nan ɗan Fotugal da ayarinsa ya zagaya duniya tsakanin 1519 da 1522. Suna ne kawai, babu ɗigon ruwa a cikinsa. Birni ne na taurari biliyoyi, irin abin da masana ke kira galaksi, kuma yana cikin maƙwabta mafi kusa da namu birnin, wato farin burtalin nan da ke ratsa sama a dare mai duhu. Kusancin nasa fa na 'yan falaki ne. Haske na cin kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya, daga rana zuwa nan minti takwas da 'yan kai yake yi, amma daga can sai ya shekara wajen 160,000 a hanya.

A gefe guda na wannan birni akwai wani dunƙulen iskar gas da ƙura mai ƙyalli, irin wanda ake kira nebula. Wani masani Bafaranshe, Nicolas-Louis de Lacaille, ya shigar da shi jerin abubuwan da ya hango daga Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1750. Daga baya aka laƙaba masa Tarantula, sunan wani ƙaton gizo-gizo, saboda zare-zaren da ke fita daga jikinsa kamar ƙafafu. Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo, sunan ya zo mana daidai. Ɗakin haihuwar taurari ne, babu wanda ya kai shi ƙarfi a duk maƙwabtanmu. A tsakiyarsa akwai tarin jariran taurari da ake kira R136, cikinsu har da wanda ya ninka ranarmu nauyi wajen sau 200. Zafin haskensu ne ke hura gas ɗin ya yi ƙyalli. Masana sun ƙiyasta cewa da a ce Gizon nan yana kusa da mu kamar nebular Oriyon da ke cikin namu birnin, da haskensa ya isa ya yi wa mutum inuwa da dare.

Ina Kuru ta shigo? Mazaunin London ko Alƙahira ba zai taɓa ganin wannan abu daga gida ba, domin a wurinsu ba ya ɓullowa sam. Kuru tana ƙasa kaɗan da digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka Gizon kan ɗago mata kamar digiri 11. Miƙa hannunka ka dunƙule shi, tsayin dunƙulen nan shi ne kusan digiri 10. A Kano da Sakkwato ya fi haka yin ƙasa, ga ƙura. Filato kuwa tudu ne da ya haura mita 1,200, ga sanyi, kuma fitilun Jos da Bukuru duk suna arewa, bayan mai kallo. Mutane sun san Kuru da Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Ƙasa da aka kafa a 1979, amma ni a ganina duhun kudancinta ma dukiya ce, sai dai ba a sa ta a lissafi ba.

Kada a ce na yi zuƙi ta malle: wurin bai kai Namibiya ko Chile ba, inda Gizon ke hawa can sama. Abin da ke digiri 11 sai haskensa ya keto iskar da ta ninka ta tsakar ka kusan sau biyar. Ga kuma hunturu. Watannin da Gizon ke fitowa da wuri, Janairu da Fabrairu, su ne ƙurar da ke tasowa daga Chadi ke rufe gefen sama. Dama mafi kyau ita ce ƙarshen Oktoba da Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke ya bar sama a wanke, sai dai a lokacin sai wajen ƙarfe biyu zuwa uku na dare yake kaiwa ƙololuwarsa. Mai so sai ya sayar da barcinsa.

Shi ɗaukar hoton kansa, tarbar ruwan sama ne. Ido yana gani ya zubar nan take, ba ya ajiya. Kamara kuwa in ka bar bakinta a buɗe, tana tara haske kamar bokitin da aka ajiye a ƙarƙashin indararo, kuma da yayyafi kogi ke cika. Matsalar ita ce duniya na juyawa, digiri 15 kowace awa, don haka in aka daɗe taurari sai su zama zane-zane. Masu abin hannu kan sayi wata 'yar na'ura mai juya kamara a hankali tana bin sama. Ana saita ta da tauraron arewa, wanda a Kuru yake ƙasa-ƙasa, cikin hasken Jos, sau da yawa dutse ma ya tare shi. Wanda ba shi da ita kuwa yana da wani rangwame: taurarin da ke can kudu sosai tafiyarsu a faifan kamara ba ta da sauri, saboda haka Gizon kan jure buɗewar da ta kusa ninka ta taurarin Oriyon sau uku kafin ya ja zane.

Dabarar ita ce a ɗauki gajerun hotuna da yawa, ɗari biyu, ɗari biyar, a kan matsayi mai ƙafa uku da ba ya rawa. Kowane ɗaya in ka dube shi sai ranka ya ɓaci, duhu ne da tsaki-tsaki. Sai a rufe bakin kamara a ƙara wasu na duhu zalla, don a gane dattin da kamarar kanta ke haifarwa. Daga nan a zuba su duka a kwamfuta, manhaja irin Siril ko DeepSkyStacker, waɗanda kyauta ne, ta jera su a kan juna. Hasken gaske yana wuri ɗaya a kowane hoto, sai ya taru. Tsaki-tsakin kuwa yau yana nan gobe yana can, sai ya riƙa kashe juna. Lissafin ba ya da tausayi: in kana son hoto ya ninka tsabta sau biyu, sai ka ninka yawan hotuna sau huɗu.

Akan tambaya ko launukan nan ba fenti ba ne. Jan da ake gani hasken haidirojin ne, shuɗi mai ratsin kore kuma na oksijin. Suna nan, idonmu ne ba ya rarrabe launi a duhu. Amma gaskiya akwai masu cika gishiri wajen gyara, kuma wanda ya sauya launi ya kamata ya faɗa.

Wanda hazo ya hana shi Gizo kada ya naɗe tabarma. A daren Nuwamba, wajen ƙarfe goma, galaksin M33 yana can sama sosai a Kuru, kuma cikinsa akwai nebular NGC 604 da William Herschel ya gano a 1784, faɗinta tafiyar haske ta shekara wajen 1,500. Kusa da shi ga galaksin Andromeda, wadda Abdurrahman al-Sufi ya siffanta da ɗan gajimare a littafinsa na taurari tun wajen shekarar 964.

Kada kuma a raina 'yan sha'awa. Lokacin da hasken fashewar wani tauraro a gefen Gizon ya iso duniya a Fabrairun 1987, cikin waɗanda suka fara ganinsa har da Albert Jones na New Zealand, wanda ba falaki ne aikinsa ba. A 2022 kuma wasu 'yan sha'awa uku, Marcel Drechsler da Xavier Strottner da Yann Sainty, suka tara haske na sama da awa 100 suka fito da wani baka na oksijin a gefen Andromeda, wurin da manyan na'urori suka shekara fiye da ɗari suna kallo ba su lura da shi ba. Hoton ya ci gasar hotunan sama ta Greenwich ta 2023.

Ga mai niyya, kar ya fara da sayen madubin hangen nesa. Ya sa manhajar Stellarium a waya, ya koyi sama, ya gwada hannunsa a kan Kaza da 'Ya'yanta da kamarar aro. Ya tanadi rigar sanyi da batir na biyu, don sanyin Filato na shanye caji. Kuma kada ya fita shi kaɗai. Dogon abu a kan ƙafa uku, a kan dutse, da tsakar dare, ba kowa zai ɗauke shi kamara ba. A sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da rana, in da hali a gayyace su su leƙa.