Idan Guguwa Ta Yaye Rufi: Yadda Agajin Gwamnatin Tarayya Ke Isowa Ƙauye

Kowane manomi a ƙasar Bungudu ya san iskar farkon damina. A watan Mayu ko Yuni hadari yakan haɗo daga gabas, gari ya yi duhu, ƙura ta turnuƙe. Kafin ɗigon ruwa ya taɓa ƙasa, iska ta riga ta yi aikinta. Cikin 'yan mintoci sai a ga kwano yana yawo a sama kamar takarda, jinka ta bar kan rumbu, katanga ta kwanta, turakun lantarki sun zube a kan hanya.

Abin da ke sa wannan ɓarna ta yi ciwo shi ne lokacin da take zuwa. Hatsin bara ya ja baya a rumbu. Ɗan kuɗin da ke hannu an ware shi don taki da iri. Ga shuka ta zo, ga ɗaki babu rufi, ga wani ruwan yana tafe. A nan ne jama'a ke tambaya: shin gwamnatin tarayya tana da abin da take yi wa wanda iska ta yi wa ta'adi? Tana da shi. Amma agajin yana da hanyar da yake bi, kuma wanda bai san hanyar ba yakan tashi a tutar babu.

Hukumar da aka ɗora wa wannan nauyi ita ce Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NEMA. An kafa ta a shekarar 1999. Kafin ita akwai wata hukuma mai suna NERA da aka kafa tun 1976, wadda aikinta bai wuce rabon kayan agaji ba. Da aka kafa NEMA sai aka faɗaɗa aikin, ya haɗa da gargaɗin jama'a kafin bala'i, da ceton rai, da kuma taimako bayan abin ya auku. Doka ta sa Mataimakin Shugaban Ƙasa ya zama shugaban majalisar da ke kula da ita. Wani kaso na kuɗinta yana fitowa ne daga asusun kula da muhalli, inda doka ta ware mata kashi 20 cikin 100. Hedkwatarta tana Abuja, amma ofishinta na Sakkwato ne ke kula da jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara.

Ita NEMA ba ta jin ƙarar iska daga Abuja. Sai an gaya mata. Magana tana farawa ne daga mai unguwa, ta je wurin hakimi, ta kai ga uban ƙasa, sannan ƙaramar hukuma ta rubuta rahoto. Daga sakatariyar Bungudu rahoton zai tafi Gusau, wurin hukumar agajin gaggawa ta Jihar Zamfara, wato ZEMA. Idan ɓarnar ƙarama ce, ana sa ran ƙaramar hukuma ko jiha ta ji da ita. Idan ta fi ƙarfinsu, sai a nemi gwamnatin tarayya ta shigo. Tsarin ke nan a takarda. A aikace kuwa, ƙananan hukumomi da yawa ba su da wani tanadi na irin wannan rana, don haka kusan kowace ɓarna Abuja ake jira.

Bayan rahoto ya isa, sai a turo ma'aikata su duba da idonsu. Za su zaga gida gida tare da mutanen jiha da na ƙaramar hukuma. Za su rubuta sunan mai gida, da yawan iyalinsa, da yawan ɗakunan da suka lalace, da waɗanda suka ji rauni ko suka rasu. Wannan takarda ita ce uwar komai. Da ita ake lissafin abin da za a aiko, da ita kuma ake kiran suna ranar rabo. Wanda ya tafi gona ranar da aka zo rubutu, bai bar kowa ya tsaya masa ba, zai sha wuya kafin a sa sunansa daga baya.

Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata magidanci ya yi tun da wuri. Kada ya yi saurin kwashe tarkace kafin mai unguwa ya gani. Idan dole ne ya gyara don iyali su sami wurin kwana, to ya sa wani mai waya ya ɗauki hoton ɗakin tukuna. Ya ba da sunansa cikakke kamar yadda yake a katinsa, domin a unguwa ɗaya ana iya samun Garba uku da Sani biyar. Idan ya iya karatu ya nemi ya ga abin da aka rubuta. Idan bai iya ba, ya sa ɗansa ko maƙwabcinsa ya karanta masa. Kuma a tuna da gidajen da babu namiji babba a cikinsu. Mace mai takaba, ko tsohuwa da ke riƙe da marayu, ba za ta fito ta kutsa cikin taron maza ba. Sau da yawa irin waɗannan gidaje ne ake tsallakewa, alhali su suka fi kowa buƙata. Wannan haƙƙi ne a wuyan mai unguwa da liman.

Rubuta suna kyauta ne. Babu kuɗin fom, babu na goro. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu don ya sa sunan mutum, a kai maganarsa gaba.

To me ake kawowa? Ga waɗanda iska ta yi wa ɓarna, NEMA ta saba kawo kayan gini: bandir na kwano, da katako, da ƙusa, da siminti, da silin. Takan haɗa da abinci kamar shinkafa da masara da wake da man girki, da kuma barguna da tabarmi da gidan sauro. Ba kasafai ake raba tsabar kuɗi ba. Kuma ya kamata jama'a su gane cewa agaji ba diyya ba ne. Gwamnati ba ta yi alkawarin biyan mutum duk abin da ya rasa ba. Mai ɗaki huɗu yana iya samun abin da zai rufe ɗaya. Rashin sanin haka shi ke kawo zargi da tsegumi ranar rabo, ko da an yi rabon bisa gaskiya. Ba kuma kullum ake yin sa bisa gaskiya ba. An sha jin koke a jihohi dabam dabam cewa kayan agaji sun bi ta hannun 'yan siyasa, sun ƙare a gidajen da iska ba ta taɓa ba. Maganin wannan shi ne a yi rabo a fili, a ƙofar fada ko filin makaranta, a kira suna da babbar murya kowa yana ji.

Abin da ya faru a Bauchi a watan Yuni na 2018 ya nuna yadda lamarin ke tafiya idan ɓarna ta yi girma. Kwana ɗaya bayan ƙaramar salla, iska mai ƙarfi ta auka wa birnin. An yi asarar rayuka, gidaje da makarantu masu yawa suka lalace. A cikin kwanakin nan kuma gobara ta cinye kasuwar Azare. Kafin mako ya zagayo, Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya je Bauchi da kansa don jaje. Amma Bauchi babban birnin jiha ne, ga 'yan jarida, ga manyan mutane. Ƙauyen da ke bayan dutsen Kwatarkwashi ba shi da wannan gata. Idan rahotonsa bai fita a rubuce ba, babu wanda zai san an yi iska a can.

Sai kuma maganar jinkiri. Tsakanin ranar da aka duba ɓarna da ranar da mota za ta sauke kaya ana iya ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Sai an amince da rahoto, a fitar da kaya daga sito, a sami motar dako. A Zamfara akwai ƙarin matsalar tsaro, domin akwai ƙauyukan da ma'aikata ba sa shiga sai da rakiya. Damina kuwa ba ta jiran sa hannun kowa. Shi ya sa har gobe agajin farko daga 'yan'uwa da maƙwabta yake fitowa: wannan ya ba da ɗaki, wancan ya ba da azara, matasa su yi gayya a mayar da rufi.

Wajen mayar da rufin ne ya kamata a tsaya a yi tunani. Yawancin kwanon da iska ke yayewa, katakonsa ba a ɗaure yake da gini ba, ɗora shi kawai aka yi. Kafinta na ƙwarai yakan binne ƙarfe ko waya mai kauri a cikin bango, ya ɗaure katako da ita, ya yawaita ƙusa a gefe da kusurwa, domin nan iska ke fara kamawa. Bakin kwano da ya zarce bango da yawa yana ba iska wurin shiga. Rufi mai fuska huɗu ya fi mai fuska ɗaya jure iska. Ɗora duwatsu a kan kwano kuwa yana da haɗari, don idan rufin ya tashi duwatsun kan mutane suke faɗowa.

Itatuwa ma suna rage ƙarfin iska. Jerin dogon yaro a gabashin unguwa yakan karya ta kafin ta iso gidaje, muddin ba a dasa su dab da bango ba, kuma ana sassabe busassun rassa kafin damina. Idan iska ta kayar da wayar lantarki, kada kowa ya taɓa ta ko ya tsallaka ta, ko da babu wuta a gari. A tsare yara da dabbobi daga wurin har ma'aikatan wuta su zo.