Iyakar Sanin Ɗan Adam Game da Sammai

Ƴan uwa Musulmi, idan muka fito daga tarawihi nan Garhanga, mu ɗaga kai mu dubi taurari. A shekarar 1929 wani masani a Amurka, Edwin Hubble, ya gano cewa gungun taurari masu nisa suna ƙara nisantar juna, wato sararin samaniya faɗaɗa yake yi. Amma masanan yau sun yarda cewa kashi 5 cikin 100 kaɗai suka san ainihinsa. Sauran kuwa "mai duhu" suke kiransa, don ya ɓuya musu. Saboda haka kada mu hana ƴaƴanmu wannan karatu, su kuma kada ya sa musu girman kai. Allah ne Masani. Allah Ya karɓi azuminmu.