Southern Cloud: Jirgin da Tsaunukan Ostireliya Suka Ɓoye Shekara 27

Southern Cloud jirgin saman fasinja ne da ya tashi daga birnin Sidni na ƙasar Ostireliya da misalin ƙarfe 8:10 na safiyar Asabar, 21 ga Maris, 1931, ya nufi Melbon da mutum takwas a cikinsa. Bai sauka ba. Ana lissafa ɓacewarsa a matsayin babban hatsarin jirgin fasinja na farko a tarihin ƙasar, kuma sai a 1958 aka san inda ya faɗi.

Kamfanin da ya mallake shi, Australian National Airways, na mashahuran matuƙa biyu ne, Charles Kingsford Smith da Charles Ulm, waɗanda suka yi suna a 1928 da suka ƙetare tekun Pasifik a jirgin sama daga Amurka zuwa Ostireliya. Sun sayo jirage biyar iri ɗaya, samfurin Avro 618 Ten, ƙirar Ingila bisa zanen kamfanin Fokker na Holan. Kowanne na da inji uku, ɗaya a hanci, biyu a ƙarƙashin fiffike, yana ɗaukar fasinja takwas da matuƙa biyu. Fiffiken na katako ne, gangar jikin kuwa bututun ƙarfe ne da aka lulluɓe da yadi. Gudunsa a tafiyar yau da kullum kimanin kilomita 160 ne a awa. A wancan zamani jirgi ne abin alfahari, musamman saboda inji ukun nan: idan ɗaya ya mutu, sauran biyun za su iya riƙe shi a sama.

Abin da ba shi da shi shi ne rediyo. Da zarar tayoyinsa sun bar ƙasa, babu wanda zai iya yi wa matuƙin magana, shi ma babu wanda zai iya kira.

Matuƙin ranar, Travis Shortridge, gogagge ne da ya san hanyar, mataimakinsa kuma Charlie Dunnell. Fasinja shida ne a baya. Sun tashi da hasashen yanayin da aka shirya tun kafin ranar tafiyar, wanda ya nuna za a yi iska da ruwa, amma ba irin da za su hana tafiya ba. Bayan jirgin ya yi nisa sai sabon bayani ya iso ofishin kamfanin daga masu lura da yanayi: guguwa mai tsanani ta taso a kan hanyar, da iska mai ƙarfin gaske daga kudu, da ruwa da ƙanƙara a kan tsaunuka. Labarin da zai iya ceton rai takwas yana hannun mutanen ƙasa, amma babu hanyar isar da shi. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ciwo a dukan al'amarin.

Kafin a gane abin da iska ke yi wa irin wannan jirgi, sai an san yadda matuƙan lokacin ke gane hanya. Idan sarari a buɗe yake, da ido suke tafiya: ga kogi, ga layin dogo, ga gari, suna gwadawa da taswira. Idan gajimare ya rufe ƙasa, sai su koma lissafi. Kamfas ya nuna alƙibla, agogo ya nuna tsawon tafiyar, ma'aunin gudu ya nuna sauri, matuƙi ya haɗa ukun ya ce yanzu yana wuri kaza. Matsalar ita ce ma'aunin gudun yana auna saurin jirgi ne a cikin iska, ba a kan ƙasa ba. Kamar mai kwalekwale ne a tsakiyar kogi da dare: yana tuƙi da ƙarfinsa, ya san inda ya sa gaba, amma bai san nisan da ruwa ya janye shi ba. Jirgin da ke gudun kilomita 160 a awa, idan iska mai gudun 80 ta tare shi ta gaba, rabin tafiyar da yake zato kawai yake yi. Idan kuma ta gefe take bugunsa, tana ture shi daga hanya ba tare da wata na'ura ta nuna ba. Matuƙin da ya yi lissafi da iskar jiya zai iya ɗauka ya wuce tsaunuka, ya fara sassautowa ƙasa don ya ga gari, alhali duwatsu na gabansa.

Tsakanin Sidni da Melbon kuwa, tazarar kimanin kilomita 700 a miƙe, akwai mafi tsawon tsaunukan Ostireliya, waɗanda ake kira Snowy. Ƙololuwarsu, dutsen Kosciuszko, ta kai mita 2,228. Yanki ne na kwazazzabai masu zurfi da daji mai duhu, kuma a 1931 kusan babu hanyar mota a cikinsa.

Da yamma ta yi jirgi bai iso ba, aka fara cigiya. Jirage fiye da 20 suka yi kwana 18 suna shawagi, Kingsford Smith da kansa yana cikin masu neman. Mutane da yawa daga garuruwa daban-daban suka ce sun ji ƙarar inji ko sun ga jirgi yana tafiya ƙasa-ƙasa a ranar, kuma yawancin waɗannan rahotanni sun ja hankalin masu nema can kudu, wajen jihar Victoria, nesa da inda jirgin yake kwance. Aka gaji aka haƙura. Iyalai suka zauna babu gawa, babu kabari, babu tabbas.

Kamfanin bai daɗe ba bayan haka. Dama duniya na cikin matsin tattalin arziki, ga tsoro ya kori fasinjoji, ga kuɗin da neman ya ci. Cikin 'yan watanni ya dakatar da zirga-zirgarsa ta yau da kullum. Masu kamfanin ma ƙarshensu ya zo iri ɗaya da na jirginsu: Ulm ya ɓace a teku kusa da Hawaii a 1934, Kingsford Smith ya ɓace kusa da gaɓar Bama a 1935.

Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ba shi da tarkacen da zai duba, don haka ya dogara da yanayin ranar, ya ce mai yiwuwa shi ne babban sanadi. Shawararsa mafi muhimmanci ita ce a sa rediyo mai karɓa da aikawa a jiragen fasinja, a kuma inganta yadda bayanin yanayi ke isa ga matuƙa. Aiwatarwar ta yi tafiyar hawainiya. A Oktoban 1938 wani jirgin fasinja mai suna Kyeema ya wuce filin jirgin Melbon cikin gajimare, ya daki dutsen Dandenong, mutum 18 suka mutu. Bayan wannan ne aka kafa ma'aikata ta musamman ta sufurin jiragen sama, aka kuma gaggauta fara amfani da tashoshin rediyo masu nuna wa jirgi hanya ko da bai ga ƙasa ba.

Aikin wutar lantarki ne ya tona asirin dajin. Tun 1949 gwamnati ta fara gina madatsun ruwa da tashoshin lantarki a tsaunukan Snowy, aka fasa hanyoyi, dubban ma'aikata suka shiga wuraren da ƙafa ba ta cika takawa ba. Ranar Lahadi, 26 ga Oktoba, 1958, wani kafinta cikinsu, Tom Sonter, ya fita yawon hutu a dajin tsaunin Toolong, ya ci karo da ƙarafa masu tsatsa a wani gangare, itatuwa sun tsiro sun ratsa ta cikinsu. Jami'an sufurin sama da 'yan sanda suka je, suka tabbatar Southern Cloud ne. An kwaso abin da ya rage na mamatan aka binne a garin Cooma, inda aka kuma gina wurin tunawa da su, aka ajiye wasu sassan jirgin a ciki. Sauran tarkacen na nan a gangaren, wanda yanzu yake cikin gandun dajin Kosciuszko.