Dokar Kare Bayanan Jama'a: Shafukan Intanet Ba Za Su Ƙara Yin Yadda Suka Ga Dama Ba

A yau ɗan kasuwa a Maraɗi ko Jibiya ko Birnin Ƙonni ba ya rasa wani shafin intanet da ya yi rajista a cikinsa, na saye da sayarwa ne, ko na tura kuɗi, ko na rance. Kafin a karɓe shi sai ya ba da sunansa, lambar wayarsa, hoton katin shaidarsa, wani lokaci har da lambar asusun banki. To, ina waɗannan bayanai suke zuwa?

A da, mai shafi yana yin yadda ya ga dama da su. A Najeriya an ga wasu kamfanonin rance na waya suna kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda ya ci bashi, su aika wa danginsa da abokan cinikinsa saƙonnin cin mutunci. Ga ɗan kasuwa kuwa, mutunci shi ne jari.

Yanzu doka ta shigo. Ghana ta kafa tata a 2012. Jamhuriyar Nijar ta yi tata a 2017, ta sabunta ta a 2022, kuma hukumar HAPDP ce ke sa ido. Najeriya ta bi sahu a 2023, tare da hukumar NDPC.

Waɗannan dokoki sun yi kama da juna. Mai shafi sai ya bayyana dalilin da ya sa yake neman bayananka, kuma kada ya karɓi fiye da abin da aikin yake buƙata. Ba zai miƙa su ga wani ba sai da yardarka ko da hujja ta doka. Kana da iko ka nemi ganin abin da ya ajiye a kanka, ka sa a gyara kuskure. Haka kuma fitar da bayanai zuwa wata ƙasa yana da sharuɗɗansa, kamar yadda kaya suke da nasu a bakin iyaka.

A Najeriya, idan ɓarayin intanet suka kutsa suka sace bayanai ta yadda za su iya cutar da masu su, dole a sanar da hukuma cikin awa 72. Tarar manyan kamfanoni tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Abin lura, dokar ba ta tsaya kan manya kaɗai ba. Ƙungiyar 'yan kasuwa da ta buɗe shafi tana tattara sunaye da lambobin mambobinta, ita ma nauyin ya hau kanta. Saboda haka shugabanni su taƙaita abin da suke tambaya, su san wanda ke riƙe da rajistar, su daina watsa hotunan katin shaida a dandalin WhatsApp. Kai kuma ɗan kasuwa, kafin ka danna “na yarda”, tambayi abin da za a yi da sunanka.