Gimbiya Rajwa: Tsakanin Kayan Gado da na Zamani

A ranar 1 ga Yunin 2023 aka ɗaura auren Rajwa Al Saif, 'yar birnin Riyad, da Yarima Hussein mai jiran gadon sarautar Jodan, a fadar Zahran da ke Amman. Tun daga lokacin, duk fitar da za ta yi sai mata sun zuba ido kan suturarta.

A daren sa lalle, wanda surukarta Sarauniya Rania ta shirya, amarya ta fito cikin farar riga mai aikin zaren zinariya, irin ta matan Najad, mahaifarta. Honayda Serafi, 'yar Saudiyya, ita ta tsara ta. Ranar biki kuwa doguwar rigar amare irin ta Turawa ta sa, aikin Elie Saab na Labanan.

Salon suturar tata ya raba kan masu kallo. Wasu na yaba mata da riƙon al'ada, wasu kuma na ƙorafin fitarta ba lulluɓi. A Jodan dai doka ba ta tilasta wa mace rufe kai, ko da yake mafi yawan matan ƙasar suna sa hijabi don kansu.